Gyaran tsofaffin finafinan ban tsoro: farfaɗo da su ake yi ko kashe musu tsoron?

Bakin_Dare:
Salamu alaikum 'yan zaure. Ina da magana, kuma na san wasu za su yi mini caa. Ni a ganina wannan gyaran da ake yi wa tsofaffin finafinan ban tsoro ana fitar da su a faifan Blu-ray da na 4K masu kaifin hoto, rabinsa ɓarna ne. Fim ɗin ban tsoro da duhu yake aiki. Abin da ba ka gani sosai ba shi ke tayar maka da tsikar jiki. Yanzu an wanke hoto tas, an haska kowane lungu, kana ganin inda fentin fuskar dodo ya tsaya, kana ganin zaren da ke riƙe da jemage. To ina tsoron? The Texas Chain Saw Massacre na 1974 a tsohon kaset, da dishi-dishinsa, ji kake kamar ka leƙa abin da bai kamata ka gani ba. Masu sayen faifai, ku gaya mini, me ke cikin sabon da babu a tsohon?

Hamisu_4K:
Wa alaikumus salam. Kai dai faɗi gaskiya, kana yaro ka kalle shi a kaset. Ƙuruciya ce ta tsorata ka, kaset bai san ana yi ba.

Malam_Nagatif:
@Bakin_Dare, misalin da ka kawo shi ne ma zai kayar da kai. Darakta Tobe Hooper da mai ɗaukar hotonsa Daniel Pearl a kan zaren fim mai faɗin milimita 16 suka ɗauki wannan fim, don kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa milimita 35 saboda gidajen sinima. Kaushin nan da kake so, tsaki-tsakin da ke motsi a cikin hoto, a jikin zaren yake tun ranar ɗauka. Gyaran 4K da aka yi masa a 2014, da ya cika shekara 40, bai cire shi ba, ƙara fito da shi ma ya yi. Abin da kaset ya ƙara maka daban ne: launi ya cuɗe, baƙi ya koma toka-toka, fuskoki sun narke. Wannan ba hannun Hooper a ciki.

Kuma ka manta rabin farko na fim ɗin da rana tsaka aka ɗauke shi. Ka tuna inda kyamara ta bi yarinyar nan ta ƙarƙashin lilo tana tafiya zuwa gidan, sama shuɗiya garau, farin gida yana ta ƙara girma a gabanta har ya cika hoton? Kyan wurin ne ke sa abin da ya biyo baya ya fi muni, kuma a kaset ba ka samun kyan.

Uwar_Biyu:
Ni dai 'yar kallo ce, amma don Allah a fahimtar da ni. Idan an ce an "gyara" fim, me ake yi masa takamaimai? Ni da na ɗauka maɓalli ake dannawa a kwamfuta hoto ya washe.

Tsohon_Injiniya:
Hajiya, da haka ne da kowa ya huta. Farko sai an nemo mafi kyan abin da ya rage. Wanda aka fi so shi ne nagatif na asali, wato ainihin zaren da ya ratsa cikin kyamara ranar ɗauka. In babu shi sai a koma ga kwafinsa, in babu sai kwafin kwafi, kuma kowane mataki hoto na rage kaifi. Sai a duba zaren da hannu, a liƙe inda ya yage, a gyara ramukan gefensa, a wanke. Idan ya sha karce, akwai hanyar da ake sikanin ɗinsa yana jiƙe cikin wani ruwan sinadari da ke cike karcen, haske ya wuce kamar babu komai.

Daga nan sai na'ura ta ɗauki hotunan ɗaya bayan ɗaya. Fim mai sauti hoto 24 ne a kowace daƙiƙa, ke nan fim na minti 90 hoto 129,600 ne. Kwamfuta na taimakawa wajen tsince ƙura da tsayar da hoton da ke rawa, amma sai mutum ya bi bayanta, domin ba ta bambance ƙura da ɗigon ruwan sama ko ƙyallin ido, duk sharewa take yi. Bayan nan a zauna daidaita launi da haske, a gyara sauti daban. Aikin watanni ne, wani lokaci shekaru.

Uwar_Biyu:
Ikon Allah. Na gode Baba.

Gimbiya_K:
Ni abin da ke ba ni mamaki da wannan muhawara shi ne ana magana kamar akwai zaɓi tsakanin a gyara da a bar shi yadda yake. Ba ya zama yadda yake. Har zuwa farkon shekarun 1950 da sinadarin naitiret ake yin zaren fim. Yana ruɓewa ya yi danƙo, ƙarshe ya zama gari, kuma in ya kama wuta ko a ruwa aka tsoma shi ba ya mutuwa. Gobarar rumbun kamfanin Fox a 1937 ta cinye mafi yawan finafinansu na zamanin da babu sauti. Ta MGM a 1965 ita ta tafi da kwafin ƙarshe da aka sani na London After Midnight, fim ɗin Lon Chaney na 1927. Yau sai hotunansa marasa motsi, da su aka harhaɗa wani abu a 2002 don mutane su ga kamannin labarin. Binciken da ɗakin karatun majalisar Amurka ya fitar a 2013 ya ce kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka marasa sauti sun ɓace gaba ɗaya. Zaren asitet da ya maye gurbin naitiret ma bai tsira ba, in ya fara lalacewa warin tsami yake yi yana motsewa. Masu launi kuma na shekarun 1950 zuwa 1970 koɗewa suke, komai ya koma ja-ja. Saboda irin wannan darakta Martin Scorsese ya kafa gidauniyar adana finafinai ta The Film Foundation a 1990.

Bakin_Dare:
@Gimbiya_K, ranki ya daɗe, ban ce a bar su su ruɓe ba. A adana, a ajiye a rumbu mai sanyi. Maganata a kan abin da ake sayar mana ne a faifai. Adanawa daban, kwalliya daban.

Dan_Majigi:
To bari in ba ka inda gyara ne ya dawo da duhun da kake nema. Nosferatu na Murnau, Jamus, 1922. Shi ma da ƙyar ya sha, don matar Bram Stoker, marubucin littafin Dracula, ta kai ƙara cewa an saci labarin mijinta, kotu ta ba da umarni a 1925 a lalata kwafe-kwafensa, wasu ne suka tsira a wasu ƙasashe. Shekaru da yawa baƙi-da-fari mutane ke kallonsa, sai ka ga Orlok, dodon fim ɗin mai shan jini wanda rana ke kashewa, yana yawo da akwatin gawarsa a titi da rana ƙiri-ƙiri. Abin dariya. Dalili shi ne da rana suka ɗauki wuraren dare, sannan a rina zaren shuɗi, mai kallo ya san dare ne, na rana kuma a rina shi ruwan ɗorawa. Kwafin da suka yi ta yawo ba su da rinin. Gyaran da Luciano Berriatúa ya yi wa gidauniyar Murnau a tsakiyar shekarun 2000 ya bi rinin asali, har da kiɗan Hans Erdmann na ranar buɗe fim ɗin. Ka ga nan tsohon kwafi ne ya kashe tsoron.

Sarkin_Faifai:
Kun taru a kan bawan Allah, alhali yana da gaskiya a wani ɓangare, kuma ku masu sanin abin kun fi kowa sani. Akwai gyaran da ɓarna ce tsagwaronta. Kamfani ya ji tsoron kada mai sabuwar talabijin ya ga tsaki ya ce faifai bai da kyau, sai a sa kwamfuta ta goge tsakin duka. Amma hoton fim da tsakin aka gina shi, in ka goge shi ka goge gashin gemu da ramukan fata da saƙar riga. Duk mai tara faifai ya san Blu-ray ɗin Predator na 2010, fuskar Schwarzenegger ta koma sumul kamar an shafe ta da kakin zuma. Da Aliens ya fito a 4K a 2024 ma an sha wannan rigimar, mutane suna nuna inda na'ura ta ƙirƙiro kaifin da babu shi a asali. Wannan abin Bakin_Dare ke gani yake ƙorafi, ko da bai kira shi da sunansa ba.

Hamisu_4K:
Predator ai an sake fitar da shi a 4K a 2018 da tsakinsa. Mugun gyara ba hujja ba ce a kan gyara.

Sarkin_Faifai:
Hamisu bari in ƙarasa, akwai wadda ta fi wannan. Ko gyaran da aka yi da amana yana da matsala. Wanda ya shiga sinima a 1931 bai taɓa ganin nagatif ba. Kwafi ya gani, sau da yawa kwafin kwafi, ta majigi mai rawa, a kan allo. Masu yin fim sun san haka, da shi suke lissafi. Sun san zaren da ke riƙe da jemage zai ɓace kafin ya kai ga idon mai kallo, sun san gefen robar da aka liƙa a goshin ɗan wasa ba zai fito ba. Yau ka ɗauko nagatif ka yi masa sikanin 4K, kana nuna abin da ko daraktan bai gani a allo ba. To wanne ne fim ɗin na gaskiya?

Malam_Nagatif:
Wannan tambaya ce ta gaske, kuma su kansu masu aikin ba su daidaita a kanta ba. The War of the Worlds na 1953 shi ne misalin da ake yawan kawowa. A kwafin asali da kamfanin launi na Technicolor ya buga, wayoyin da ke riƙe da jiragen maharan da suka zo daga wata duniya ba sa fitowa sosai, a faifan baya kuwa suka fito ɓaro-ɓaro. Da kamfanin Paramount suka gyara shi a 2018 sai suka goge wayoyin, hujjarsu ita ce mai kallo na 1953 bai gan su ba. Ni na yarda da wannan hujja. Abin da ya dace a auna da shi shi ne abin da aka nuna a sinima ranar farko.

Gimbiya_K:
Ni ban yarda ba, Malam. Yau waya, gobe a ce jinin bai yi kama da jini ba a sake masa launi, jibi a gyara fuskar dodo. Wa zai ce a tsaya? A Dracula na 1931, wanda Bela Lugosi ya fito a ciki, akwai wani guntun kwali da aka maƙala a jikin fitila a ɗakin kwana, ana ganinsa sarai. Masoya fim ɗin har yau suna musu ko mantuwa ce ko da gangan aka sa don rage haske. In aka goge shi an yanke hukunci a kan abin da ba a tabbatar ba.

Malam_Nagatif:
Kwalin ai mai kallo na 1931 ya gan shi, don haka a ma'aunina ma yana nan daram. Waya ce bai gani ba.

Gimbiya_K:
Wa ya zauna a sinimar ya shaida maka abin da ya gani da wanda bai gani ba?

Yar_Talata:
Ku dakata in sa baki da Vampyr na Dreyer, 1932. Shi da gangan aka sa hotonsa ya yi hazo-hazo, ta cikin siririn ƙyalle suka ɗauki wasu wuraren don ya zama kamar mafarki. Nagatif ɗinsa ma ya ɓace, daga kwafe-kwafen da suka rage aka haɗa shi. A ba wa wanda bai san tarihinsa ba, ko a ba wa irin manhajojin ƙirƙirarriyar basirar nan, sai su "gyara" hazon. Shi ya sa ni kafin in sayi faifai nake duba wa ya yi aikin, daga wane kwafi, kuma wa ya sa ido.

Abu_Hanan:
Mafita mai sauƙi: a kira daraktan ko mai ɗaukar hoton in suna raye, abin da suka ce shi ke nan.

Dan_Majigi:
Ɗan'uwa, da ka san rigimar da wannan ya haifar! William Friedkin, mai The Exorcist, shi da kansa ya sa ido a Blu-ray ɗin The French Connection na 2009, ya sauya launin fim ɗin yadda ransa ya so a lokacin. Owen Roizman, wanda ya ɗauki hoton finafinan biyu, ya fito fili ya soki abin. Sai a 2012 aka sake fitar da wani da su biyun suka amince da shi. Mutum bayan shekara 30 ko 40 ba lallai ya tuna abin da ya yi ba, wani kuma ya tuna sarai amma yana so ya gyara abin da ke damunsa tun tuni.

Dubi Halloween na 1978. A Kalifoniya aka ɗauke shi da bazara, labarin kuma na jihar Illinois ne a ƙarshen Oktoba, har busassun ganye suka rina suna watsawa a titi suna kwashewa. To itatuwa kore shar za a bari, ko a karkatar da launi ya yi kama da kaka? Shuɗin dare ya kai ina? Faifan fim ɗin sun sha bamban da juna a kan wannan, har waɗanda Dean Cundey mai ɗaukar hoton ya sa wa hannu ba su zo iri ɗaya ba.

Zee_Giallo:
Amma akwai inda ya yi amfani. Suspiria na Argento, 1977, launi ne ransa, ja da shuɗi da kore masu ɗaukar ido, kuma yana cikin finafinan ƙarshe da aka buga da tsohuwar hanyar rini ta Technicolor a Rum. Kamfanin faifai na Synapse sun shafe shekaru suna gyaransa, Luciano Tovoli mai ɗaukar hoton ya sa ido, ya fito a 2017, har da sautin asali mai lasifika huɗu. A shekarar an yi wani gyaran daban a Turai, ka ajiye su gefe da gefe launinsu bai zo ɗaya ba. Ni na Tovoli nake kallo. @Bakin_Dare wannan fim ko kusa ba da duhu yake tsoratarwa ba, a kaset kashe shi ake yi.

MaiKaset77:
Ba wanda ya taɓo yankan da hukumomin tace finafinai suka yi, kuma ni shi ne babban dalilina na sayen sababbin faifai duk da sunana. A Frankenstein na 1931 akwai inda dodon ke wasa da ƙaramar yarinya Maria a bakin tafki, suna jefa furanni suna kallon yadda suke yawo a kan ruwa. Furanni suka ƙare, sai ya ɗauke ta ya jefa, a zatonsa ita ma za ta yi yawo. Da ta nutse ya rikice ya gudu. Aka yanke wurin jefawar, aka bar shi yana miƙa hannu gare ta, sai kuma ga mahaifinta ɗauke da gawarta a cikin gari. Shekaru kusan 50 mai kallo na zaton abin da ya fi wanda aka yanke muni, kuma an raba dodon da abin da ke sa a tausaya masa. Sai a shekarun 1980 aka mayar da wurin.

Haka Dracula na kamfanin Hammer, 1958, na Christopher Lee. An daɗe ana jita-jitar kwafin Japan ya fi tsawo. A 2011 aka samo naɗin ƙarshe-ƙarshe a taskar finafinai ta Tokiyo, ruwa ya ɓata su tun wata gobara a 1984, amma ga wurin da Dracula ke yagar fuskarsa tana saɓulewa a hasken rana. 'Yan daƙiƙoƙi ne, aka gyara aka mayar.

Sarkin_Faifai:
Kuma da faifan ya fito a Ingila a 2013 sai aka koma rigimar ya yi shuɗi da yawa, ya yi duhu. Ka ga, Bakin_Dare na kukan an haska, waɗancan na kukan an duhunta.

Abu_Hanan:
Na Sifaniyanci fa? Na ji an ce akwai Dracula biyu a 1931.

MaiKaset77:
Haka ne. Su Lugosi su yi aiki da rana, da dare wata tawaga ta shigo ɗakunan nan dai ta ɗauki na Sifaniyanci, George Melford ne darakta. Wani naɗi na kwafin kamfanin Universal, masu fim ɗin, ya lalace, a taskar finafinan Kyuba aka samo cikonsa. In kana kallo za ka lura inda hoto ya sauya ya yi laushi, wurin ke nan.

Tsohon_Injiniya:
Zan koma kan tambayar farko, don ina zargin wani abu. @Bakin_Dare, ɗana, a ina ka kalli waɗannan da ka ce an haska, kuma yaya saitin talabijin ɗinka yake? Yawancinsu daga kamfani suke zuwa da haske a ƙure, kaifi a ƙure, ga wani saiti da ke ƙirƙiro hotuna a tsakanin na asali don motsi ya yi santsi. Wannan kaɗai ya isa ya mayar da kowane fim kamar wasan kwaikwayon talabijin. Ka kashe su, ka sa saitin sinima, ka kashe fitilar ɗaki. Sannan in ta intanet kake kallo, matse hoton ake yi don ya yi sauƙin tafiya, kuma wurin duhu da hayaƙi da tsaki su suka fi shan wahala, sai ka ga baƙin ya rabu layi-layi. Faifan Blu-ray na ɗaukar gigabait 50, na 4K har 100, shi ya sa duhunsa ke zama duhu mai zurfi da abu ke motsi a ciki. Night of the Living Dead na Romero ka gwada da shi. Saboda an manta sa alamar haƙƙin mallaka lokacin da aka sauya masa suna a 1968, kowa ya yi ta buga shi daga kowane ruɓaɓɓen kwafi, har launi aka shafa masa a shekarun 1980. Ka kalli wanda gidan tarihin MoMA da The Film Foundation suka gyara daga nagatif, wanda kamfanin faifai na Criterion suka fitar a 2018, ka ga yadda aka tsara inuwa a cikin gidan nan.

Bakin_Dare:
Baba, saitin zan duba in sha Allah. Nosferatu da Frankenstein kuma na ba ku. Amma maganar Sarkin_Faifai ita ce tawa, ya fi ni iya faɗa ne kawai: akwai abin da aka yi don kada a gani, yanzu ana gani. Kuma har yanzu ina nan a kan Texas Chain Saw. Mummunan kwafi ya dace da shi, ko Hooper ya nufa ko bai nufa ba.

Zee_Giallo:
Ai wasu kamfanonin sun ji irinku. Akwai faifan da ke zuwa da gyararren fim, sannan a gefe a sa sikanin tsohon kwafin sinima da karcensa da ƙurarsa ba a taɓa ba. Kowa ya ɗauki nasa.

Hamisu_4K:
Wato a biya kuɗi a sayi karce. Allah ya kyauta.

Uwar_Biyu:
Tambaya ta ƙarshe don Allah. In na sayi faifan Ingila zai yi a na'urar da aka sayo daga Amurka?

Sarkin_Faifai:
In Blu-ray ne na yau da kullum ki duba bayan kwalin, Hajiya. Amurka shiyyar A ce, Ingila shiyyar B, kuma da yawa a kulle suke. Faifan 4K ba shi da wannan kullen, amma Blu-ray ɗin da ake haɗowa da shi a kwali ɗaya, wanda galibi ƙarin bayanai ke ciki, yana iya zama a kulle.